Hoton Dutsen da Takaba Ta Riƙe

Kwano na uku ke nan da ya shigo gidana tun hantsi bai ɗaga ba, kuma wannan karon Hajiya da kanta ta ɗauko shi, ba aike ta yi ba. Kunun gyaɗa ne mai kauri. Ta wuce ni a tsakar gida kamar ba mutum ta gani ba, ta je bakin ɗakin tsohona, mijina ke nan, ta durƙusa, ita da ke cewa gwiwarta ba ta lanƙwasuwa sai a sallah.

"Malam, ya ƙarfin jiki? An ce mani tarin ya motsa."

"Da sauƙi, Hajiya. Ɗan sanyi ne."

"A'a, Malam, ba a raina sanyi. Ka sha wannan da zafinshi. Kuma kar ka fita asuba ba rawani. In bai sauka ba zuwa gobe, motar maigidana na nan, sai a kai ka likita Agiye."

Tsohona ya karɓi kwanon da hannu biyu, bakinshi ya ƙi rufuwa. Shekara da shekaru muna garin nan, ya yi ciwon da ya fi wannan, har ƙafa ya taɓa karyawa da ya faɗo daga amalanke, Hajiya ba ta aiko mashi da ko ɓarin goro ba. Da ta fita ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Mutum ba ya sanin darajarshi a gari sai ya kwanta."

Na ce, "Sha kununka."

Ban gaya mashi ranar ba, amma ba darajarshi ta kawo kunun ba. Hoto ne.

Mu tsofaffin mata ne 'yan ajin yaƙi da jahilci, a ƙauyenmu da ke kusa da Cadawa. Da furfurarmu muka shiga lakol, ƙarƙashin rumfar kara, wata madam 'yar Agiye tana koya mana baƙi da wasali, tana ce mana iyayena, tana kuma yi mana tsawa in mun cika surutu. A nan na koyi riƙe bik ɗin da nake wannan rubutu da shi. Hajiya ce shugabar ajin. Ba zaɓenta muka yi ba, ita ke da kujerun roba. Kuma ba ta son a ce mata shugaba, sai dai farazidan.

Da muka gama karatun, madam ta ce al'ada ce a yi hoton aji. Da a nan bakin rumfa aka yi shi, da tuni an manta. Sai Hajiya ta ciro waya ta nuna mana hoton da ƙanwarta ta turo mata: matan wata ƙungiya sun sha anko sun jeru, bayansu wani ƙaton dutse. Ta ce ita ba za ta tsaya gaban zanan kara ba, alhali ƙanwarta, wadda ko Makka ba ta je ba, tana gaban dutse.

Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta iso ga ƙawata.

Ƙawata Buzuwa ce, amma ta gero da wake kamar kowa. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta, ba ta taɓa hawa raƙumi ba. Tun muna 'yan mata muka ƙulla ƙawance. Kakarta ce ta zo daga Azbin, ita ta cika mata kai da zancen duwatsu: wai akwai wanda in ka zauna gindinshi rana kan makara kafin ta same ka, wai akuya kan hau har ta koma kamar ƙuda. Mu kuwa ƙasarmu rairayi ne shimfiɗe kamar tabarma. Dutsen da ya fi girma a garinmu na niƙa ne, shi ma sayo shi aka yi a kasuwa.

Ta kawo wayar dab da hancinta, ta karkata kai, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Ni hoton bai dame ni ba. So nake in ga abin nan da idona kafin a rufe mani tagar."

Kowa ya san me take nufi. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman likita a Maraɗi ya duba, ya ce ba yanar da ake cirewa ba ce, irin ciwon nan ne mai cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Ya ba ta na ɗigawa, ya ce zai rage mashi gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Lokacin tana gani kamar mai leƙe ta bakin tulu.

Aka fara runiyo gidan Hajiya, wato zaman shawara, amma in ka ce zaman shawara Hajiya ba ta amsawa. Na farko a kan anko ya ƙare, haka na biyu. Aka ce kore, mai ƙosai ta ce za mu fito kamar gonar wake. Aka ce ja, matar ladan ta ce ja ba na masu jikoki ba ne. Har aka yi gaba ta kwana biyu kafin a tsaya kan ruwan ƙasa mai zanen tsuntsu, wanda babu wadda ke so, shi ya sa kowa ta yarda. Maganar Azbin kuwa, 'ya'yanmu maza na ji suka kashe ta, suka ce nisa, ga hanya ba lafiya. Muka sauko da maganar zuwa Damagaram. Wani direban Gazawa ya ce can duwatsu cikin gari suke, wani bisa wani, a tafi da safe a kwana gida. Ƙawata ta ce dutse dai dutse ne, ta yarda.

A zama na uku ne Hajiya ta kafa dokar da ta cinye mu. Ta ce ba a hoton nan sai mun cika, ko mutum ɗaya ba za a bari ba. Dalilinta mun san shi. Shekarun baya masu aikin rijiya sun zo sun yi hoton matan gari ranar tana biki Gidan Rumji, aka manna shi a buro, ofishinsu, ba ita, har yau ba ta huce ba. Muka ce madalla, wannan shi ne zumunci. Har tafi aka yi. Ni ma na tafa, da hannuna.

Babu wadda ta tsaya ta tuna cewa mu tsofaffi ne, kuma mazanmu sun fi mu tsufa.

Tela ya gama ɗinki, an yi magana da mai mota, an yi magana da mai hoton da ke zama bakin kasuwar Agiye, sai ladan ya rasu. Allah ya jiƙanshi, mutumin kirki ne. Matarshi ta shiga takaba. Mai takaba ba ta fita, ba ta kwalli, balle anko da tafiya wani gari. Muka ninke zannuwanmu muka sa a kwalla muka jira watanninta. Ta yi wankan fita takaba, muka je mata barka, a wurin barkar ma aka sa sabuwar rana. Ba a kai ranar ba mijin mai ƙosai ya bi ladan. Ita ta fito, damina ta faɗi, babu mai barin gona don dutse. Aka yi girbi, aka cika rumbuna, sai tsohon mijin wata 'yar ajinmu can unguwar yamma, wanda kowa ya ma manta yana da rai, ya tuna mana.

Daga nan gaisuwa ta sauya a garinmu. Da in an haɗu a rijiya sai a ce ina kwana, ya yara. Muka koma ina kwana, ya maigidan, yana dai cin tuwo? In aka ce ya rage loma sai ka ga fuskoki sun ɓaci. Waɗanda mazansu suka riga suka tafi suka fara ɗaga kai. A runiyo gefe ɗaya suke zama, suna ce mana, "Mu dai mun sauke namu, ku ake jira." Mu masu maza muka koma kamar masu bin gari da cuta.

Har aure muka hana. Mai daddawa, bazawara ce tun tuni, wani tsoho mai saida igiya daga Gazawa ya fito yana sonta. Hajiya ta tura mutum biyu kasuwa su dubo shi. Suka dawo suka ce yana da fara'a, amma sai da ya huta sau biyu kafin ya ɗaure dami ɗaya. Runiyo ya yanke cewa a dakata sai bayan hoto. Mai daddawa ta ce, "Hajiya, ni fa ba yarinya ba ce da za a ce in jira."

Hajiya ta ce, "Shi ma ba yaro ba ne, abin da muke gudu ke nan."

Duk wannan abin da ake, tagar ƙawata tana ƙara tsukewa. Da farko baƙaƙen allo ta daina gani. Sannan ta daina tsince tsakuwa a wake. Wata rana na shiga gidanta ban yi sallama da ƙarfi ba, na tsaya gabanta, ba ta san da ni ba sai da na yi tari. Ta yi dariya ta ce ai warin taba gari na ta jiyo tun daga zaure, wasa take mani. Ƙarya take, kuma ta san na sani.

Runiyon da ya biyo baya na miƙe. Na ce, "Hajiya, ina da magana."

"Farazidan."

"Farazidan, ina da magana. In sai ranar da babu mai takaba za a yi hoton nan, to sai ranar da mazan suka ƙare."

Wata ta ce Allah ya kiyaye. Na ga matar ladan ta ɓoye hannu cikin mayafi tana lanƙwasa yatsu, tana duba saura nawa.

Na ce, "Idon baiwar Allah nan ba zai jira su ba. A tafi da waɗanda ke tsaye."

Hajiya ta ce doka ba ita kaɗai ta kafa ta ba, kowa ta tafa, har da mai maganar. Ta ce yau in aka bar wata don tana cikin baƙin ciki, gobe wa za a bari? Maganarta ba ta rasa gaskiya ba, shi ya ƙara ba ni haushi. Sai aka shiga kawo dabaru. Mai ƙosai ta ce masu gyaran hanya sun tara jar ƙasa kusa da Agiye, tulin ya fi soro tsawo, a kai ƙawata can kawai a rage mata zafi. A gabanta ta faɗa, da ƙarfi, kamar kunnen ne ya mutu.

Ƙawata ta ce, "Ido ne ya tafi, yarinya, hankalin yana nan."

Mai ƙosai ta haura sittin, amma ta haɗiye yarinyar. Madam kuma ta ce, iyayena, ai yanzu ko a bakin rumfa aka ɗauka ana iya sa dutsen a baya cikin waya. Ƙawata ta ce to sai a kai wayar Damagaram ta gano mata.

Na ce mu tafi mu biyu, ni da ita, mu hau motar kasuwa. A hanyar gida ta riƙe mani hannu, don lokacin ta fara riƙe hannu, ta ce, "Ƙawa, bari. Garin nan kakata ta zo baƙuwa, aka ba ta gona. Ba za a ce a kaina zumunci ya tsage ba. Da su na koyi rubuta sunana, da su za ni." Na zage ta iya son raina. Ta ce na gama? Na ce ban gama ba. Ta ce to in ƙarasa a gida, ta ji ana kiran magariba.

To a kakar da ta biyo baya Allah ya ba mu fili. Babu mai takaba ko ɗaya. An gama girbi, babu biki kusa, babu suna. Aka sa rana, bayan kasuwar Cadawa. Muka ciro zannuwa daga kwalla muka shanya don warin ajiya, wasu har sun matse, wasu sun yi yawa. Ana cikin haka tsohona ya fara tari.

Shi ne kwanonin nan suka fara shigowa. Kunu, fura da nono, zuma a kwalba, saiwar da ban san sunanta ba. Matar ladan ta kawo rubutun sha. Wata ta kawo mashi hular sanyi ta marigayin mijinta, ban bari ya sa ba. Tsohona ya yi ƙiba cikin 'yan kwanaki, ya fara maganar wai ko zai nemi mai unguwa, tunda jama'a na sonshi haka.

Mai ƙosai ce ta fasa ƙwan. Ta kawo mashi ƙosai da zafi, za ta tashi ta ce, "Malam, ka dai daure mana zuwa bayan kasuwa."

Da ta fita ya kira ni. "Ke, me za a yi bayan kasuwa?"

Na zauna na gaya mashi duka, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon kwanon ƙosan.

"Wato in na mutu kin shiga takaba, hoto ya lalace."

"Haka ne."

"Bayan hoton fa?"

"Bayan hoton kai da Mahaliccinka."

Ya ɗauki ƙosai ɗaya ya ci, ya ɗauki na biyu. Ya ce, "To ki gaya wa Hajiya kunu ba ya riƙe ni. Ina jin in ba romon zabo ba, ban ga alamar zan kai kasuwar nan ba." Kuma zabon ya zo, da yamma, a kwanon sha mai marfi. Tun daga ranar in ya ji sallamar mace a zaure sai ya ja bargo ya fara nishi. Amma da ƙawata ta zo duba shi, ita ba ta kawo komai ba sai sandarta, ya yaye bargon ya zauna sosai. Ya ce, "Buzuwa, kwantar da hankalinki. Ni ba zan tare maki dutse ba. Ko Mala'ika ya zo zan roƙe shi ya zagaya ya dawo."

Ta ce, "Ka roƙe shi da ladabi, na san bakinka."

Duk garin ido na kan ɗakin tsohona. Babu wadda ta taɓa kai ko cokalin kunu ga mijin Hajiya. Don me za a kai? Shi ne mafi ƙarfi cikin mazanmu, ɗan kasuwar aya, yau yana Maraɗi gobe yana bakin iyaka, yana ɗaga buhu da kanshi don ya kunyata 'yan dako. Ana jibi tafiya ya yi azahar, ya zauna jikin buhunan aya a rumfarshi ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ke nan.

Ba zan yi wasa da wannan ba. Mutum ne mai kyauta, rabin garin sun ci daga hannunshi, kuma Hajiya tun tana yarinya take gidanshi. Na ji kukanta daga gidana. Tsohona ya tashi ya naɗa rawani ya bi gawa har maƙabarta da ƙafarshi, ba tari ko ɗaya, mata na leƙenshi ta kan danga.

Muka ninke zannuwa muka maida kwalla. Babu wadda ta ce komai game da hoto, ko ni.

Ranar sadakar bakwai na ja ƙawata muka shiga ɗakin Hajiya. Ɗakin da duhu-duhu, ta zauna bisa tabarma a ƙurya da tsohon zane, ba kwalli, ba awarwaro, 'yar wuƙar takaba a gefenta. Ban taɓa ganinta ƙarama haka ba. Na saki hannun ƙawata don in cire takalmi. Kafin in ɗago ta wuce ciki, ta durƙusa, ta fara, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙanshi, ya sa ya huta, ya ba ki dangana." Da natsuwa take yi, kanta a sunkuye. Gaban randa ta durƙusa. An rufe randar da wani farin mayafi, ita take yi wa gaisuwa, Hajiya na can bayanta.

Akwai mata a ɗakin, babu wadda ta yi dariya. Hajiya ta amsa daga inda take, a hankali, ta ce amin, na gode. Ƙawata ta ji daga inda muryar ta fito, ta gane, ta juyo a kan gwiwoyinta ta fuskanci Hajiya.

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta dube ni ta ce, "Tun yaushe ya kai haka?"

Na ce, "Tun kina aunar tarin mijina."

Matar ladan ta taka mani ƙafa. Hajiya ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ku bari a yi arba'in, ku tafi."

Na ce, "Idon ba zai kai arba'in ba."

Ta share fuska da bakin zane. Ta ce, "To ku tafi bayan kasuwa mai zuwa. In wani ya yi magana ku ce ni na ce." Muka fara yi mata godiya, ta ɗaga hannu. Ko cikin takaba farazidan farazidan ce. "Amma doka na nan. Sai mun cika. Za ku ɗauki kujerata, farar, ba shuɗiyar ba. A sa ta tsakiya, layin gaba. A shimfiɗa ankona a kai, a ɗora jakata. Kuma kar mai ƙosai ta tsaya kusa da ita, tana da son shiga gaban mutane."

Haka aka yi. Da sassafe motar direban Gazawa ta tsaya bakin gari, aka ɗaure farar kujera a sama, ƙafafunta na kallon sama. Muka shiga da ankonmu muna warin kwalla. Mai daddawa ta fi kowa sauri, don mai igiya ya aiko cewa haƙurinshi ya kusa ƙarewa. A Agiye muka ɗauki mai hoto, wani mai ƙaton ciki da jakar fata, wanda tun shekara biyu yake ce mana in mun shirya mu kira shi, har ya daina ɗaukar wayar Hajiya. Tsohona ya rako mu har bakin mota. Ya leƙo ta taga ya ce, "To ni na cika alkawari. Zabon ya ƙare ke nan?" Aka ce mashi ya ƙare.

Bayan Gazawa jandarma ya tsayar da mu. Ya leƙa ya ga tsofaffi cike da mota iri ɗaya, ya ce, iyaye, biki za a? Matar ladan ta ce dutse za mu gani. Ya ce dutsen wa? Ta ce na Allah. Ya dubi kujerar da ke sama ya ce wannan fa? Na ce farazidan ce. Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗaga igiya ya ce mu sauka lafiya.

Ƙawata na jikin taga, na ba ta wurin. Tun daga Tasawa take tambayata, "An fara?" Ina cewa ba a fara ba, gonaki ne irin namu. Rana ta take tsaka sannan ƙasa ta fara sauya, ƙananan duwatsu suka fara fitowa gefen hanya kamar tumaki kwance. Mai ƙosai ta ce, "Wa ya zubar da waɗannan?"

Direba ya kai mu gindin wani babba a gefen gari. Ni da nake da idona biyu sai da na ja da baya. Ƙattin duwatsu ne sulɓi, wani bisa wani, na saman ya fi ɗakina girma, ya karkato kamar yanzu zai gangaro, kuma ga mutane sun yi gidajensu a ƙarƙashi suna shanya wanki. Matar ladan ta ce ita ba za ta tsaya nan ba sai an sa mashi waigi. Aka lallashe ta.

Mai hoto ya shiga aikinshi. Ya sauke kujera ya kafa ta a tsakiya, muka shimfiɗa ankon Hajiya, muka ɗora jaka. Ya ce dogaye baya, gajeru gaba, kowa ta ce ita gajera ce. Mai ƙosai ta manne jikin kujera, aka janye ta, ta dawo ta ɗaya gefen. Ya ce, "Iyaye, ku ba dutsen baya, ku dube ni. Inna mai sanda, juyo nan."

Ƙawata ba ta cikin layi. Ta saki hannuna tun muna sauka, ta bi da sandarta har ta taɓa shi. Ta ɗora tafin hannu a jikinshi ta cire da sauri don zafi, ta sake ɗorawa. Sannan ta ja baya, ta ja baya, har ta iso daidai inda muka jeru, gefen kujerar Hajiya. Ta ɗaga kai. Tagar tata lokacin ba ta fi bakin kwalba ba, don haka guntu-guntu take ɗaukarshi: ta fara daga ƙasa, ta hau a hankali, ta yi dama, ta dawo hagu, ta ƙara hawa, har kallabinta ya zame baya.

"Ƙawa."

"Ina nan."

"Wannan baƙin da ya tare sama, duk shi ne?"

"Duk shi ne."

"Can sama akwai wani abu fari yana motsi."

Na duba. Na ce, "Akuya ce."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ta fi ƙuda girma. Tsohuwar nan, kakata, ta ƙara gishiri."

Mai hoto ya ce, "Inna, rana na tafiya. Ki juyo, fuska ake ɗauka, ba ƙeya ba."

Ta ce, "Ɗana, na zo daga bayan Cadawa don in ba shi baya? Kai na ga irinka da yawa."

Mata suka fara, haba ke kuwa, juyo mana, ɗan lokaci kaɗan ne, me za mu ce wa Hajiya. Na ce Hajiya cewa ta yi mu cika, ba ta ce ta wane gefe ba. Na gyara wa ƙawata kallabi ta baya, na tsaya kusa da ita ina kallon mai hoto, kafaɗata na taɓa tata.

Na ce, "Ɗauka."

Ya dubi kujera da jaka, ya dubi ƙeyar ƙawata, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa irin wannan aiki ba. Ya ce kowa ta buɗe ido. Ya danna.